Littafin awon ruwa da sanyi a gindin dutsen Kufena

8 ga Satumba

Yau na buɗe wannan littafi, kuma abin da ya jawo shi gardama ce da ta daɗe tsakanina da kawuna. Shi yana noma a fadamar da ke ƙasa da dutsen Kufena, ni kuwa gidana yana kan tudu a Wusasa, a gefen Zariya, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin a ƙafa ba. Duk shekara idan hunturu ya kama yakan ce sanyin lambunsa daban yake da na cikin gari, ni kuma nakan tuna masa abin da aka koya mana a makaranta, cewa iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau. Bisa wannan lissafi kan dutse ya kamata ya fi kwari sanyi. Da na sake faɗa masa haka a makon jiya sai ya ce, "Ɗana, littafinka bai taɓa kwana a fadama ba." Na ga gara in auna da hannuna.

Abubuwa uku zan riƙa rubutawa daga yanzu zuwa ƙarshen Disamba: yawan ruwan da ya sauka, ranar da ruwan bana ya ɗauke, da mafi ƙanƙantar zafin da aka samu a kowane dare a gida, da fadama, da jikin dutse. Zariya tana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne watan da ya fi ruwa, saboda haka na san wutsiyar damina kawai zan kama.

10 ga Satumba

Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo mazurari biyu na roba a kan naira 800 kowane, da sirinji mai ɗaukar mililita 20 a wani kemis a kan naira 300, da ma'aunin zafi guda uku masu batir, irin waɗanda ke riƙe mafi girma da mafi ƙanƙantar zafin da suka gani, a kan naira 6,500 kowane. Jimla naira 21,400, ban da kuɗin mota. Na dasa mazurarin a bakin kwalba, na sa kwalbar cikin tsohon bokitin fenti, na cika gefenta da yashi don kada iska ta kifar da ita. Ƙa'idar masu awo ita ce ma'aunin ya yi nesa da kowane itace ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsa, wannan ya sa na bar tsakar gida na kai shi bayan gida, nesa da darbejiya. Zan riƙa dubawa da ƙarfe 7 na safe kullum, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

12 ga Satumba

An yi ruwa daga bayan isha'i har wajen tsakar dare. Na zuƙe mililita 410 daga kwalbar, wanda a lissafina ya zama milimita 18.

16 ga Satumba

Kwana biyu babu ruwa, sai jiya aka yi yayyafi na milimita 3. Na kai ma'auni na biyu fadama, ɗan ƙanina da ke taya kawu aiki ya karɓi nauyin dubawa da rubutawa.

19 ga Satumba

Yau na gano kuskuren da ya ɓata duk lissafin kwana tara, kuma laifina ne ni kaɗai. Milimita ɗaya na ruwan sama yana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, don haka idan ana son a mayar da ruwan kwalba zuwa milimita sai an san faɗin bakin da ya tare ruwan daidai. Ranar farko na ɗora rula a kan mazurarin na karanta santimita 17, na fitar da cewa kowane milimita zai ba ni mililita 22.7. Ashe na haɗa da leɓen robar da ya lanƙwashe waje, wanda ruwan da ya faɗo a kansa ƙasa yake zuba. Ɗan ƙanina ne ya lura, ya ce, "Baba, ai ruwan da ya taɓa nan ba ya shiga ciki." Na sake aunawa daga ciki zuwa ciki na samu santimita 16, wato kowane milimita mililita 20.1 ne.

Bambancin santimita ɗaya ya sa ina rage wa kowane ruwa fiye da kashi goma cikin ɗari na abin da ya sauka. Ruwan 12 ga wata ya tashi daga milimita 18 zuwa 20.4. Abin da ya cece ni shi ne tun farko ina rubuta mililitan da na zuƙa kafin in juya su, da lambar ƙarshe kaɗai nake ajiyewa da sai dai in zubar da makon gaba ɗaya. Gyaran ya kuma sauƙaƙa aikin, domin yanzu cikin sirinji ɗaya daidai yake da milimita ɗaya, yaron ma ba ya bukatar lissafi, ƙirga kawai yake yi.

24 ga Satumba

An yi ruwa mai ƙarfi da la'asar, milimita 33 a gida, 29 a fadama. Kafinta ya karɓi aikin akwatuna uku na ma'aunin zafi a kan naira 12,000, na ba shi rabi.

30 ga Satumba

Daga 10 ga wata zuwa yau ma'aunin gida ya tara milimita 141 a kwanaki tara da aka yi ruwa. Ban haɗa jimlar fadama ba saboda an fara ta a makare, kuma ranar 27 kwalbar ta wuni a rana ba a duba ba, na tabbata wani abu ya ƙafe daga ciki. Na ɗiga man gyaɗa kaɗan a kowace kwalba, domin man yana shimfiɗuwa a saman ruwan ya hana shi bin iska. Marka ta wuce sarai. Yanzu sama takan wuni tas, sai da yamma hadari ya haɗo daga gabas, ya zuba nasa cikin rabin awa ya wuce.

4 ga Oktoba

Jiya an samu milimita 14. Akwatunan sun iso, amma sai da na mayar da su, saboda kafintan ya rufe gefunansu ruf da falanki don kada ruwa ya shiga. Na yi masa bayani cewa iska nake so ta ratsa, rana ce kawai ba na so ta taɓa ma'aunin. Ya ce, "Malam, ai da ka ce mini irin tagar kicin kake so da tuni mun gama." Zai yi musu tsage-tsage masu gangarowa, ya shafa farin fenti, na ƙara masa naira 2,000.

7 ga Oktoba

Kafin in rarraba ma'aunan zafin na gwada gaskiyarsu. Na daka ƙanƙara na cika kofi, na zuba ruwa kaɗan, na tsoma kan wayar kowane ma'auni na minti biyar. Ruwan da ƙanƙara ke narkewa a cikinsa yana tsayawa a digiri 0, don haka duk wanda ya nuna wani abu daban shi ne mai kuskure. Biyu sun nuna 0.2 da 0.3, na uku ya nuna 1.1. Na manna takarda a bayan kowane na rubuta abin da za a riƙa cirewa. Ba don wannan gwaji ba, da na ɗauki karkatar ma'auni a matsayin bambancin wuri, alhali dukan abin da nake nema bai wuce 'yan digiri kaɗan ba.

10 ga Oktoba

Jiya da misalin ƙarfe 5 na yamma iska ta taso daga gabas da ƙura, ta karya reshen mangwaro a layinmu, sannan ruwa ya sauko da tsawa. A gida na auna milimita 22, a fadama kuwa 6 kacal. Da farko na zargi yaron da zubar da ruwan, har na yi masa magana da kakkausar murya, sai kawu ya kama hannuna ya kai ni kunyar wake, ya tona da yatsa ya nuna mini busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin ɗan danshin da bai kai gaɓa ɗaya ba. Na ba yaron haƙuri a gaban kawun. Ruwan ƙarshen damina haka yake, gajimare ɗaya ne yake tafiya daga gabas zuwa yamma, inda cibiyarsa ta bi ya jiƙe, wanda ke gefe ya samu yayyafi. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, tana da dogon tarihin awon ruwa, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, kuma tana fitar da hasashen damina kowace shekara, amma wannan rana ta nuna mini cewa awon wuri ɗaya ba ya faɗin abin da ya sauka a gonar da ke bayan dutse.

14 ga Oktoba

Na kafa akwatunan uku, kowane a kan turke mai tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Na dutse yana kan wata kafaɗa da ke da ɗan ciyayi, wayata ta nuna ta fi fadamar tudu da kimanin mita 60. Zafin agajeri ya kankama, ma'aunin gida ya kai digiri 34 da azahar, dare kuma bai sauka ƙasa da 21 ba. Wurare ukun ba su bambanta da fiye da digiri ɗaya ba.

18 ga Oktoba

An yi ruwa milimita 4 jiya da dare. Kawu ya ce a ganinsa wannan ne na bankwana, ya fara tsinkar wake yana shanyawa.

25 ga Oktoba

Ashe da saura. Jiya kafin asuba ruwa ya sauko milimita 7 a gida, 9 a fadama, ya tarar da waken kawu a shimfiɗe a kan tamfol. Kafin a tattara ya jiƙe, yau mun wuni muna bazawa muna tsince kwanson da ya fara baƙi, kuma a ƙiyasinsa ya yi asarar kusan kwano goma. Abin ya dame ni, domin na ga alama ban faɗa ba. Tun farkon wata na ɗaura ƙyalle a kan gora don ganin inda iska ke fitowa, kuma daga 21 zuwa 23 ga wata ƙyallen ya koma nuna iskar kudu maso yamma, ga raɓa mai nauyi da safe har tana ɗiga daga kwanon rufi. Damina tana ɗaukewa ne idan iyakar da ke tsakanin iskar teku mai danshi da busasshiyar iskar Sahara ta ja kudu ta wuce mu, kuma ba ta ja da baya a miƙe, takan koma ta dawo. Na rubuta iskar a littafi kwana uku a jere, ban haɗa ta da shanyar waken ba. Daga yau duk abin da na gani da safe zan aika masa kafin rana ta yi.

Masarar da ya riga ya kai rumbu ba ta taɓu ba. Dawa kuwa ruwan ya yi mata daɗi, zangarniya tana cika.

31 ga Oktoba

Jimlar Oktoba a gida milimita 47 ce a kwanaki huɗu. Kwana biyar ke nan ƙyallen yana nuna arewa maso gabas ba tare da ya juya ba, don haka na rubuta 24 ga Oktoba a matsayin ranar ruwan ƙarshe, sai in wani abu ya sake.

6 ga Nuwamba

Raɓa ta ragu ƙwarai, leɓe ya fara tsagewa. Da asuba gida 18, dutse 19, fadama 16.5. Wannan ne karon farko da fadamar ta fito fili da sanyinta, amma dare ɗaya bai isa hujja ba.

11 ga Nuwamba

Na hau dutse na tarar da akwatin a kwance, gara ta cinye gindin turken har ya karye. Ma'aunin bai fashe ba, sai dai ya wuni yana fuskantar rana, ya rubuta digiri 47, lambar da ba ta da alaƙa da zafin iska. Tun da kwana uku ban hau ba, ban san daren da ya faɗi ba, dole na soke awon 8 zuwa 11 ga wata. Na sayi guntun bututun ƙarfe a wurin mai walda a kan naira 3,500, na tare gindinsa da duwatsu, sauran turakun biyu kuma na shafa musu baƙin mai. Kuɗin da na kashe zuwa yau ya kai naira 38,900.

Na kuma matsar da akwatin taku goma zuwa inda ƙasa ta fi kauri, saboda bayan magariba na dafa dutsen na ji shi da ɗumi kamar kaskon da aka sauke daga wuta. Dutse yana shan zafin rana ya riƙa sakinsa cikin dare, kuma idan ma'aunin ya matse shi, ɗumin dutsen zan auna.

17 ga Nuwamba

Hazon farko ya sauka. Daga ƙofar gidana ban iya ganin kan Kufena ba har ƙarfe 10, rana kuma ta fito fara fat, ana iya kallonta. Yawancin wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iskar arewa maso gabas kuma ta kwaso ta zuwa nan. Na goge akwatunan, na kife ma'aunan ruwa na ajiye. Maƙwabcin kawu ya shuka alkama a makon nan, domin tana son ta yi girma cikin sanyi.

26 ga Nuwamba

Daren jiya na kwana a bukkar lambu don in gani da idona. Sama ta yi garau, babu hazo, babu iska, ko ganyen rake ba ya motsi. Da ƙarfe 9 na dare ma'aunin fadama yana 19, da ƙarfe 1 ya sauko 15, bayan sallar asuba na karanta 12.4. Ɗan ƙanina da na tura dutse da hantsi ya dawo da 16.1, a gida kuma an samu 15.3. Wajen ƙarfe 3 na fito na tsaya a bakin lambu, na ji wata iska mai sanyi tana bin ƙafafuna daga wajen dutse, ba ta kai ƙirjina ba, hayaƙin wutar da muka hura kuma maimakon ya tashi sama sai ya kwanta ya miƙe a kan kunyoyin tumatir kamar an shimfiɗa mayafi.

Bayanin abin shi ne, idan sama ta washe kuma iska ta bushe, ƙasa tana sakin zafinta da sauri bayan faɗuwar rana, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta gangaro daga tudu ta taru a kwari kamar yadda ruwa ke yi. Lissafin digiri 6.5 da na riƙe gaskiya ne, amma matsakaicin hali ne na iskar sama gaba ɗaya, kuma a mita 60 bai kai rabin digiri ba, a irin wannan dare kuwa abin juyewa yake yi. Da gari ya waye na ce, "Kawu, kai ne da gaskiya." Ya ce, "To, yanzu sai ka gaya mini daren da zai fi tsanani kafin ya zo."

3 ga Disamba

Kwana uku ana buji dare da rana. Gida 15, dutse 14.8, fadama 14.5. Iska mai ƙarfi tana cakuɗa ta sama da ta ƙasa, ba ta barin sanyi ya kwanta, shi ya sa bambancin ya ɓace. Jiki yana jin waɗannan darare sun fi sanyi, ma'auni kuwa yana nuna akasin haka a fadama.

9 ga Disamba

Batirin ma'aunin fadama ya mutu, na rasa dare biyu. Na canza na dukan ukun a kan naira 1,800.

15 ga Disamba

Iska ta kwanta jiya da magariba, sama ta washe, na aika wa kawu cewa daren zai yi tsanani. Ya rufe gadon irin tattasai da ciyawa, ya kuma yi ban ruwa da yamma, domin ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Da asuba fadama ta sauka 9.6, mafi ƙanƙanta tun da na fara, gida 13, dutse 13.9. Na ajiye ma'aunin gida a kan ciyawar lambu na kwata awa kafin fitowar rana, ya nuna 7.8, wato fuskar ƙasa ta fi iskar da ke sama da ita sanyi.

Wannan ne manoman nan ke kira jaura. A ƙasashen sanyi raɓa takan daskare a kan ganye idan fuskarsa ta kai digiri 0, ta fasa ƙwayoyin ganyen, shuka ta wayi gari a ƙone. Mu ko a daren da ya fi tsanani muna nesa da wannan iyaka da kusan digiri takwas, kuma na duba ganye da tocila ban ga ƙanƙara ba. Duk da haka sanyin yana da tasirinsa, domin tumatir ba ya ɗaura 'ya'ya yadda ya kamata idan dare ya yi ta sauka ƙasa da kimanin digiri 13, kuma kunyoyin da ke can ƙasan lambu, kusa da rafi, sun fi na sama zubar da fure. Wani dattijo da ke lissafin taurari ashirin da takwas, kowane kwana goma sha uku, ya ce mini ɗari na gaske yana gaba, don haka ban ɗauki 9.6 a matsayin ƙarshen sauka ba.

21 ga Disamba

Daga 6 ga Nuwamba zuwa yau ina da darare 39 da aka samu awo a wurare ukun gaba ɗaya. A 24 daga cikinsu fadama ta fi dutse sanyi da digiri biyu ko fiye, kuma dukansu darare ne marasa iska. Abin da na kashe ya kai naira 40,700.

Na fasa rufe littafin a ƙarshen wata, zan ci gaba har ƙarshen Janairu. Ma'aunin gida zan mayar da shi saman lambu, ta yadda za a samu biyu a fadamar, ɗaya kusa da rafi ɗaya a gangare, domin kawu yana son ya san inda zai kai tumatir baɗi da inda zai bar wa albasa da kabeji. Kafin watan Afrilu kuma ina son in sami ma'aunin ruwa na ƙarfe mai kaifin baki, saboda robar mazuraran ta fara tsagewa da rana, in kuma kafa na uku a bayan dutse tun ruwan farko. Gobe da yamma zan tumɓuke turken gida in kai lambu, kawu ya riga ya nuna mini wurin, a gefen kunya ta huɗu daga sama.